Hanyar Burji Ma Makaranta Ce

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, bari mu fara da wata tambaya wadda kowa zai amsa wa kansa. A cikinmu, mu da muke shafe shekara huɗu ko biyar a jami'a muna karanta ilmin aikin gona da tattalin arziki da aikin injiniya, mutum nawa ne ya taɓa sauka daga kwalta ya bi hanyar burji mil ashirin da ƙarfin ƙafarsa? Da yawa daga cikinmu ƙauye ne asalinmu, amma tun ran da muka shiga makarantar kwana muka daina ganin karkara sai ta tagar mota, ran hutu. Gobe kuwa mu ne za a ɗora bisa kujerun ma'aikatun ayyuka da na gona da na gandun daji, a ce mu tsara wa mutanen karkara hanya da gada da kwalbati. Ra'ayinmu shi ne akwai wata makaranta mai arha da muka raina, watau keke da hanyar burji, kuma lokaci ya yi da za mu koma mata.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani wasa da ya bazu a duniya cikin 'yan shekarun nan, watau tseren keke a kan hanyar tsakuwa. A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a Emporia, wani ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka, suka yi tseren mil 200 a kan hanyoyin da manoma da masu kiwon shanu ke bi. Wannan tsere, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, dubban mahaya ne ke zuwa masa kowace shekara. Tun kafin wannan, a 1997, wasu mutanen ƙauyen Gaiole a ƙasar Italiya suka fara wani hawa na shekara-shekara mai suna L'Eroica, a kan tsofaffin kekuna, kuma ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne a hana shafe fararen hanyoyinsu na tsakuwa da kwalta. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere, a Italiyar. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, domin a 2021 aka fara wani tsere na kwana huɗu a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya, cikin dajin da makiyaya ke kiwo.

Keken da suke hawa ba wani abin al'ajabi ba ne. Ya yi kama da keken tsere, sai dai tayarsa ta fi fāɗi, kamar milimita 40 zuwa 45, don ta danne tsakuwa da yashi ta kuma rage jijjiga. Ana sa masa giya mai sauƙi saboda hawan tudu, da birki mai kamawa ko cikin laka. Abin da ya ja hankalin mutane kuwa shi ne manyan tituna sun cika da motoci da haɗari, sai suka gudu zuwa hanyoyin karkara, inda ake ratsa daji, a bi gefen kogi, a ji kukan tsuntsu.

To, ina abin ya shafe mu? Abin da waɗannan mutane ke biyan kuɗi su yi tafiya mai nisa don su samu, mu a bakin ƙofarmu yake, kuma kakanninmu sun riga su saninsa. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin gona da malamin daji da duba-gari, a bisa keke da yawansu suke rangadi. Ƙaramin ma'aikaci ya kan karɓi bashin keke, ya sayi Raleigh ɗinsa sabo fil, ya ɗaure tabarma da buta a kariya, ya kwana a gidan dagaci. Irin wannan malami ya san kowane rafi a gundumarsa, ya san watan da yake cika da watan da yake ƙafewa. Sai ga kuɗin Udoji a 1975 da arzikin man fetur, ma'aikaci ya koma babur da mota, keke ya zama alamar talauci. Har ta kai ɗan boko ya gwammace ya tsaya rabin sa'a cikin rana yana jiran mota da a gan shi yana taka feda. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunansu, amma bisa tilas, suna yi suna jin kunya. Wannan kunyar ce muke so mu yaƙa.

Bari mu ɗauki misali guda, watau Kogin Kano. Wannan kogi ya taso ne daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore, aka tare shi a Tiga da madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kana ya gangara ya haɗu da Kogin Challawa, su zarce su zama Kogin Haɗeja. Daga Tiga aka ja manyan hanyoyin ruwa zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma a gefensu akwai hanyoyin ƙasa da na burji da manoma ke bi. Mai keken da ya fita da sassafe a lokacin hunturu, ya bar kwalta ya bi gefen ruwan nan, zai wuce ta cikin gonakin alkama da shinkafa da tumatir da albasa, ya huta a gindin ɗorawa ko tsamiya, ya hango duwatsun Rano daga nesa. Kafin rana ta take, ya ga abin da littafi ba zai nuna masa ba: inda ciyawa da yashi suka toshe hanyar ruwa, gonar wa ruwa ya kai, ta wa ce ta bushe, da yadda kwandunan tumatir ke jiran mota a bakin hanya suna lalacewa.

Dalilin da ya sa keke ya fi mota a wannan aiki a fili yake. Mota tana ɓoye wa mai ita halin hanya. Babban jami'i a cikin jif mai sanyi yana iya wuce gargada da rami bai farga ba, amma mai keke a hannunsa da bayansa yake jin kowace gargada. In zaizaya ta ci gefen hanya, shi ne zai sauka ya tura. In kwalbati ya karye, shi ne zai saɓa kekensa a kafaɗa ya tsallaka, tare da tsohuwar da ke ɗauke da itace da yaron da ke zuwa makaranta. In kogi ba gada, zai tsaya a mashigi ya jira mai fito, ya ji nawa ake biya, ya kuma ji labarin wanda ruwa ya ci a daminar bara. Daɗin daɗawa, mutanen ƙauye ba su tsoron mai keke. Sukan ba shi ruwa, su nuna masa mai faci, su faɗa masa abin da ba za su faɗa wa mai jif ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wanda ya gani a bisa keke ya fi wanda ya gani ta gilashi.

Mun san za a ce mana wannan maganar 'yan birni ce, mutumin ƙauye kwalta yake so, ba yabon burji ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yi koyi da mutanen Gaiole a hana zuba kwalta ba. Su sun ƙoshi da tituna, mu kuwa har yanzu akwai mai naƙuda da ake ɗauka a amalanke. Hanyar da ke kai amfanin gona kasuwa, da wadda ke kai marar lafiya asibiti, ta cancanci kwalta. Amma kowa ya sani ba wata gwamnati da za ta malale kowace hanyar ƙauye da kwalta a zamaninmu. A 1986 an kafa hukumar DFRRI don buɗe hanyoyin karkara, an kuwa buɗe da yawa, amma damina kaɗan suka cinye waɗanda ba a kula da su ba. Hanyar burji tana ɗorewa ne in tsakiyarta ta fi gefenta tudu don ruwa ya gangare, in ana yashe lambatunta kafin ruwan farko, in ana cike ramukanta da marmara kan kari. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi masu yawa kamar yadda yake bukatar ma'aikacin da ya san hanyar, ya kuma damu da ita. Irin wannan ma'aikacin muke so jami'a ta yaye.

Za a kuma ce mana, ina tsaron? Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Cikin shekarun da suka biyo bayan 2010, dazuzzuka irin su Kamuku da Kuyambana da Rugu sun zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Kaduna, watau 'yan'uwanmu da ke koyon aikin dajin kansa. Saboda haka ba mu ba kowa shawara ya ɗauki keke ya kutsa ƙungurmin daji don nuna jarumta ba. Amma mu lura da abu guda: daji ba ya zama na ɓarawo sai hukuma da jama'a sun janye ƙafa daga cikinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ran da malamin daji ya daina rangadi, hanyar ta mutu, gadar ta rufta ba wanda ya kai rahoto, ran nan aka fara miƙa dajin. A ganinmu babu ma'aunin zaman lafiya da ya fi wannan: ran da ɗalibai goma za su hau keke daga Tiga su ratsa Falgore su kwana lafiya, iyayensu ba su kwana da fargaba ba, ran nan ne za mu yarda an ƙwato ƙasa.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannunmu. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kafa ƙungiyar mahaya keke, maza da mata, ta fara da gajerun hanyoyi na kusa waɗanda jama'a ke bi kullum. Kada a fita sai cikin ayari, da sanin hukumar jami'a, bayan an tuntuɓi dagatai da jami'an tsaro na yankin, a kuma dawo kafin magariba. Ba sai an sayo keken Turai mai tsada ba: duk keke mai lafiyayyar taya da birki ya wadatar, in an haɗa da famfo da kayan faci saboda ƙaya, da ruwan sha isasshe. A shiga ƙauye da sallama da sutura ta mutunci, a gai da mai gari, kada a taka shuka, kada a ɗauki hoton kowa sai da izninsa. In an dawo kuwa, a rubuta abin da aka gani, wane kwalbati ne ya karye, wane mashigi ne ke bukatar gada, a buga a wannan mujalla, a kuma aika wa ƙaramar hukumar da abin ya shafa.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aiki, in an turo muku takardar wata hanyar ƙauye ku sa hannu, muna roƙonku ku ari keke ran Asabar ku bi ta tukuna. Mil goma sun isa. In kun dawo da ƙura a riga da ciwo a baya, za ku karanta takardar nan da wani ido dabam.