Tafiye-tafiye Huɗu Da Ke Raina

Zuwa ga Edita. 

Jama'a, a makon jiya na yi muku zancen farashin tattasai a kasuwar Haɗeja. Yau kuwa, ku yi mini haƙuri, zan buɗe muku wani littafi nawa da na daɗe ina ɓoyewa. Tun muna makarantar mishan, wani malaminmu ya rataya taswirar hanyoyin jirgin ƙasa a bango, ya kan sa mu bi layin da yatsa muna kiran sunayen tasoshi. Daga ran nan ciwon jirgi ya kama ni, har yau bai sake ni ba. Ga ni na ba shekara talatin baya, ina aikin akawu, abokan aikina suna mini dariya, wai mutumin da ba dogo a garinsu shi ne sarkin zancen jirgi. Gaskiyarsu. Dogo bai shigo Haɗeja ba, tasharmu ita ce Malam Madori. To, amma buri ba ya neman tikiti. Ga tafiye-tafiye huɗu da na rubuta, in Allah Ya yi mini tsawon rai.

Ta farko ita ce mafi kusa, ita ce kuma mafi daɗa mini zafi: daga Kano zuwa Nguru. An gama wannan layi a 1930, ya bi ta Ringim, da Taura, da Gagarawa, da Malam Madori, da Birniwa. Saboda gyaɗa da fatu da shanu aka shimfiɗa shi, kuma shi ya mai da Malam Madori gari na ciniki. Mahaifina ya kan ce a zamaninsu in jirgi ya yi kuka daga nesa, sai tasha ta ɗinke: masu ƙosai, masu fura, 'yan dako, da fatake da bandar kifin kogin nan cikin kwanduna za su Kano. Ni ban riski wannan ba. Abin da na riska shi ne ƙarfe kwance cikin ciyawa, awaki na kiwo a kansa. Abin da nike so shi ne in hau da kaka, in zauna bakin taga, in ga gero ya sunkuya, in sauka Nguru in isa bakin fadama lokacin da tsuntsayen nan masu gudun sanyin Turai suka fara sauka, irin waɗanda mu ke gani a Baturiya.

Ta biyu ita ce uwar tafiya a ƙasar nan: Kano zuwa Ikko, kilomita fiye da 1,100. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanya sosai a 1912. A lokacin babu cikakkiyar gada a Jebba, sai a ɗora taragai a kan jirgin ruwa a ƙetare Kwara da su, har aka gama gadar a 1916. Ina so in bi ta Zariya da Kaduna da Minna, in leƙa Zungeru inda Gwamna Lugga ya zauna kafin a koma Kaduna, in ƙetare Kwara ido biyu, ba cikin barci ba. Daga nan Ilori, Badun, Abekuta, har bakin teku. Mai mota ya kan ga kwalta ne da bayan motar gabansa. Mai jirgi shi ke ganin yadda ƙasa ta ke sāke tufa, daga ƙaya da kuka zuwa giginya, daga giginya zuwa kurmi. Na san an buɗe sababbin layuka masu faɗi, na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, sun kuwa fi sauri. Amma tsohon nan mai tafiyar hawainiya shi raina ke so, gama sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku, malamai, taku ce. Kakanninmu sun kan tashi daga nan a ƙasa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, wani ya yi shekara bakwai bai komo ba, wani ma ya zauna can Sudan har abada. Da dogo ya kai Ubayyid a 1912, sai mai guzuri ya sami inda zai huta da ƙafa har bakin Bahar Maliya. Tun 1908 kuma akwai jirgin Hijaz daga Dimashƙa zuwa Madina, wanda Yaƙin Duniya na Farko ya lalata. To, a 2018 aka buɗe jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kilomita 450, mai gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a guda. Tafiyar da raƙumi ke yi kwana da kwanaki, ga ta ta koma ta sa'a biyu da 'yan kai. Ina so in zauna a ciki in tuna da waɗanda suka taka hanyar nan da ƙafa, in ga ko zuciyata za ta iya ɗauka.

Akwai waɗansu da na rubuta na kuma soke, don kada buri ya fi ƙarfin aljihu. Akwai na Rasha mai ratsa Sabiriya, kilomita 9,289, kusan mako guda mutum na cikin tarago. Akwai na Tanzaniya zuwa Zambiya wanda mutanen Sin suka gina, kilomita 1,860, wanda fasinja kan hangi namun daji ta taga. Waɗannan na bar wa masu hali.

Ta huɗu kuwa ba ta samu ba tukuna sa'ad da na rubuta ta: Kano zuwa Maraɗi. An ɗora harsashin aikin a Fabrairu 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Wannan tsohuwar hanyar fatake ce aka sa wa ƙarfe. Ran da na ji labari na yi murna, daga baya na ɗauki taswira na duba, sai jikina ya yi sanyi. Reshe ya tsaya Dutse, mu na gabas an bar mu da tsohon layi.

A nan ne zancen ya wuce sha'awar akawu ɗaya. Fadamar Haɗeja tana fid da shinkafa, da alkama, da tattasai, da tumatir, da albasa, da kifi, tudu kuma yana ba da riɗi. Dukansu a bayan babbar mota su ke fita. In damina ta yi ƙarfi, kogi ya yi ambaliya kamar yadda muka gani a 2020, hanya ta yanke, sai kaya su ruɓe a hannun manomi, kuɗin mota kuma ya cinye ribar abin da ya tsira. Jirgi guda ya kan ja abin da motoci da yawa ba su ɗauka, kuma talaka da tsohuwa da almajiri duk suna iya kuɗinsa. Hanyar tana nan, tasoshin suna nan, ba sabon daji za a sara ba. Roƙona ga manya shi ne, sa'ad da a ke shimfiɗa sabo, a waiwayi tsoho. Ga mu kuma talakawa, wanda ya ga ana kwance ƙarfen dogo ana sayarwa ya yi shiru, to, ya san tikitin ɗansa a ke sayarwa.

Ina da yaro ɗan shekara shida. Ran nan na kai shi Malam Madori, ya ɗora kunne a kan dogo, ya ce, "Baba, yaushe zai zo?" Na rasa amsa, na ce masa da rai da rabo. In sauran ukun sun gagare ni, ban damu ba, in dai na riƙe hannun yaron nan mun hau na Nguru tare.

Wanda ya taɓa hawan wannan layi a zamanin da ya ke da rai, ina roƙo ya rubuto wa Edita, mu ƙaru da shi, gama abin da babba ya gani yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya gani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Haza wassalam.

Naku,
Akawun Bakin Kogi, Haɗeja.