Masu Ƙawata Ɗaki A Ƙasar Katagum Na Bukatar Agaji

Duk mutumin Zadawa ko Azare da ke neman abinci a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, burinsa shi ne ya tara abin da zai gina gida a garinsu, ya kuma yi wa 'yarsa jere ran aure ba tare da ya ji kunya ba. Masu cika masa wannan buri kuwa su ne kafintoci da masu fenti da masu silin da tayil da maɗinka labule. To, yau sana'ar waɗannan bayin Allah tana cikin wani hali.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sai kuɗin mota ya ninka. Aka kuma saki darajar Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Katako daga Kurmi ake ɗauko shi, fenti da tayil sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, yadin labule sai Kantin Kwari. Kafinta zai yi jinga yau, kafin ya kammala gado da kabat kayan sun tashi, sai ya zaɓi ko ya ci asara ko ya rage ingancin aiki. Ga ƙarancin wutar lantarki, wanda ke tilasta masa tayar da janareta da mai mai tsada.

Bugu da ƙari, wasu masu hali sun ɗauka kayan Sin da Turkiyya ne kaɗai na fita kunya, aikin silin kuma sai an ɗauko ma'aikata daga Kwatano. Alhali ƙawata gida ba baƙon abu ba ne a Jihar Bauchi. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, yana nan tsaye shaida.

Sai dai su ma masu sana'ar da nasu laifin. Karɓar kafin alƙalami a ɓace, da saɓa ranar biki, da amfani da ɗanyen katako wanda gara ke cinyewa, su suka sa mazauna Kudu ke tsoron aika kuɗi gida.

Duk da haka akwai haske gaba. Asibitin Tarayya na Azare, da jami'ar jiha da ke Gaɗau, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021, suna jawo ma'aikata da ɗalibai masu bukatar gidaje da ofisoshi.

Saboda haka ya kamata masu sana'ar su haɗa kai cikin ƙungiya, su riƙa sayo kaya a dunƙule, su kuma hukunta mai cin amana a cikinsu. Gwamnatin jiha ta ba su wasu kwangilolin kujerun makarantu da ofisoshi, ta horar da matasa aikin zamani. 'Yan ci-rani kuwa su ba na gida aiki, amma bisa yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.