Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Da Limaman Zinder

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa da ladabin da ya wajaba a kan talaka, ina kawo kukan wasu bayin Allah mata, na Birni da Zango da ƙauyukan Mirriya, waɗanda sankarar mama ta riga ta yaɗu a jikinsu, ta kai ga ƙashi ko hanta ko huhu. Likitoci ba sa alkawarin waraka a wannan mataki, amma magani yana sassauta raɗaɗi, kuma da yardar Allah yana ƙara wa mai jinya shekaru tare da 'ya'yanta.

Gashin cutar da haske bai samu ba a ƙasarmu sai a 2021, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Saboda haka matar da ƙashin bayanta ke ciwo sai ta sha wahalar mota, ta nemi masauki da guzuri, sau da yawa bayan ta sayar da ɗan abin hannunta. Abin da ya fi wannan ɗaci, a ganina, shi ne mijin da ke ƙaurace mata, da dangin da ke cewa sammu ne.

Roƙona shi ne limamai su bayyana a huɗubar Juma'a cewa dubiya da jinya haƙƙi ne, nuna ciwo ga likita kuma ba ya rage mutunci. Fada kuwa ta tara attajirai su ware wani kaso na zakka da sadaka domin kuɗin mota da masauki a Yamai.

Wassalam, daga wani talakanka.