Toka da Ƙasa a Makewayi

 

Duk wanda ya leƙa sababbin gidajen da ke tashi a Garwa, daga Rumde Ajiya zuwa Jambutu, zai lura cewa launin makewayi ya sauya. Farin karo da shuɗi mai haske sun ja baya, yanzu ruwan toka da ruwan ƙasa ake yayi. Amarya za ta nuna wa magini hoto a waya, ta ce irin wannan take so. Mu dai murmushi abin yake ba mu, domin launukan da ake ɗauka baƙi ne daga Turai ko Dubai, a cikinsu muka tashi. Katangar makewayin kakanninmu jar ƙasa ce, a wasu gidajen an shafe ta da makuba har ta yi duhu. Daɓen kuwa, tun da masana'antar CIMENCAM ta Figil ta wadata arewa da siminti, toka-toka ne. Ita kanta tokar murhu a can take ƙarewa, ana barbaɗa ta a bakin masai don ta kashe wari, ta kori ƙuda.

Yayin yana da hujja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin farin abu ya wuni da farinsa, uwargida ta goge da safe, la'asar ta tarar kamar ba ta taɓa ba. Shi ya sa mai shago yake ɗaga karo mai duhu ya ce: "Hajiya, ɗauki wannan, ba ya nuna datti." To, a kan wannan magana muke son mu tsaya. A falo, daɓen da ba ya nuna datti hutu ne. A makewayi kuwa, abin da yake ɓoyewa ya wuce ƙura. Dukanmu da muka buɗe Ahalari da Ishmawi a gaban malam mun san da hukuncin tsarki ake soma ibada, kuma najasar da ido bai gani ba, da wuya hannu ya kai mata ruwa. Gida mai yara ƙanana da ake koya wa zama a fo ya fi kowa sanin haka. Waɗanda suka ga annobar amai da gudawa ta 2010 da 2011 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ba sa bukatar a tuna musu cewa abin da ya saura a daɓen makewayi yana iya bin tafin ƙafa da gindin buta har ya isa wurin girki.

Mun ga wata illar da idonmu. Wani ɗan uwanmu ya gyara wa mahaifiyarsa makewayi, ya sa karo ruwan ƙasa mai duhu, mai sheƙi kamar madubi, kowa ya shiga sai ya yaba. Wata asuba cikin zafin Afrilu, babu wuta, tsohuwa ta shiga alwala da 'yar fitilar waya. Kunama ta biyo sanyin ruwa ta lafe a kusurwa, launinta ya saje da na daɓe. Ba ta gan ta ba sai da ta motsa dab da ƙafarta. Ta zabura, santsi ya kwashe ta. Kunamar ba ta harbe ta ba, amma wata uku ta yi tana salla a zaune.

Saboda haka shawararmu ita ce a juya tsarin da ake gani a hotuna. Ƙasa a ba ta ruwan toka mai haske, karo mai kaushi wanda in an jiƙa shi aka murza da tafin hannu za a ji yana riƙewa. A gwada tun a shago, kada a ji nauyi. Bango ma toka, amma wanda ya fi na ƙasa haske, har zuwa kafaɗar mutum, daga nan zuwa sama farin fenti. Ɗakin da bai wuce mita ɗaya da rabi a mita biyu ba, in aka lulluɓe shi da duhu sai ya koma kamar rijiya, ga shi ruwa da sabulu suna barin farin tabo a kan karo mai duhu. Ruwan ƙasa kuma a ajiye shi inda ido ke hutawa: layi guda na karo da zai zagaye bangon, ƙofa, kantar ajiye sabulu da soso, firam ɗin madubi. A ganinmu kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe shi. Ƙofar, in ta katako ce, a ɗaga ta daga ƙasa kamar yatsu biyu, a shafe ta da fentin mai, don ruwa da gara ba su da tausayi.

Akwai abin da ya fi launi, kuma magina sukan yi masa riƙon sakainar kashi: gangaren daɓe. Kowace mita ta sauka da santimita 1 zuwa 2 wajen magudana. Kafin a biya kuɗin aiki, maigida ya zuba bokiti guda ya tsaya ya ga inda ruwan ya nufa. In ya kwanta a tsakiya ko ya nufi ƙofa, a sa a gyara tun siminti bai gama kamawa ba. A kuma yi wa buta ɗan dakali nata, nesa da inda ruwa ke fantsama.

An sha tambayarmu game da alƙibla. A mazhabar Malikiyya, hanin fuskantarta ko ba ta baya ya shafi fili ne, an yi sauƙi a cikin gini. Duk da haka, wanda yake aza sabon tubali bai yi asarar komai ba in ya kauce. Daga Garwa alƙibla gabas take, ta karkata arewa, don haka a sa mai zama ya fuskanci kudu maso gabas ko arewa maso yamma.

Masu hali da ke sha'awar dutsen marmara irin na yankin Bidzar su sani cewa ruwan asid da ake wanke masai da shi yana cin fuskarsa, sheƙin ya tafi ba dawowa. Kuma ko wane irin daɓe ne, a gargaɗi 'yan mata masu aikin gida kada su haɗa asid da ruwan Javel a bokiti ɗaya. Iskar da ke tashi daga haɗin guba ce, tana shaƙe numfashi, balle a ɗan ƙaramin ɗaki mai taga guda. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, a bar ƙofa a buɗe har daɓen ya bushe.