Tabkin Pavin: kallo kaɗai bai isa ba

A tsakiyar ƙasar Faransa, cikin yankin Auvergne, akwai wani tabki da ake kira Pavin. Ramin dutse mai aman wuta ne wanda ya fashe kimanin shekara 7000 da suka wuce, daga baya ruwa ya cika shi. Kewayayye ne kamar bakin ƙwarya, zurfinsa mita 92. Yana cikin gandun duwatsun Auvergne da aka kafa a 1977. Ba a tashi mutane daga gandun ba: ƙauyuka suna nan, makiyaya suna kiwon shanunsu, suna yin cuku suna sayar wa baƙi.

Jama'a suna zuwa su zagaya tabkin ta hanyar ƙafa cikin inuwar itatuwa, su ɗauki hoto, su koma gida. A ganinmu, wanda ya tsaya nan ya yi rabin ziyara. Abin da ya fi cancanta a sani yana ƙarƙashin ruwa. Daga wajen mita 60 zuwa ƙasa, ruwan Pavin ba ya gaurayuwa da na sama, rani da damina. A can iskar gas take taruwa, shi ya sa masana suke auna ta.

Wani zai ce: mutum ya fito shan iska, don me za a tsorata shi? Amsa tana Kamaru. Tabkin Nyos shi ma ramin dutse mai aman wuta ne. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar da ta taru a ƙasansa ta taso gaba ɗaya, ta bi kwari, ta kashe mutum fiye da 1700 da dabbobi dubbai. Shekara biyu kafin nan, tabkin Monoun ya kashe mutum 37. Mazauna wurin ba su san abin da ruwan ya ɓoye ba. Sai a 2001 aka kafa bututun farko mai fid da iskar Nyos sannu-sannu.

Ba mu ce Pavin da Nyos ɗaya suke ba. Abin da muke cewa shi ne, aikin gandu bai tsaya ga tsaron itatuwa da namun daji ba. Wajibi ne ya faɗa wa baƙo da ɗan gari gaskiyar wurin, cikin harshen da suke ji. Shi kuma baƙo ya bi hanyar da aka shata, ya karanta alluna, ya tambayi masu tsaro. Rigakafi ya fi magani.