Ba yunit ɗin ne jabu ba, hannunmu ne ya yi nauyi

Jama'a, yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji.

A satin nan kaɗai yunit ɗin lasifika shida aka kawo mini shago a Kwanar Ɗangora: huɗu na masallatai, biyu na masu DJ. Duk koyil ya ƙone. Kuma bakin kowa ɗaya: "Malam, jabu aka sayar mana a Sabon Gari." Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma ko Ahuja na asali ka ɗaura, in haka za ka riƙe shi, wallahi sai ya ƙone.

Ku buɗe yunit ku gani. Wani ɗan faifai ne mara kauri, manne da koyil na waya siririya kamar gashi, a cikin maganaɗisu. Shi ke matsa iska ta ƙaramar kafa, hon ya baza ta. Wat ɗaya tak ka ba shi, a tazarar mita ɗaya ƙararsa ta haura desibel 100. To me ya kawo ƙure amfilifaya? Da ka ji murya ta fara tsagewa, koyil ne ke gasuwa. Masu DJ kuwa har bes suke tura wa tuwita babu kurosoba, sannan su zo suna salati.

Kuɗin gyaran nan daga ina? Daga asusun masallaci, ɗari biyun manomi da ɗari biyar ɗin ɗan acaɓa. Wannan amana ce fa.

Koyil dai ina canzawa. Kunnen yaron da ya kwana a gaban sifika a gidan biki, wa zai canza masa? Masana lafiya sun ce desibel 85 ma kada ya wuce awa takwas a rana.

Kar wani ya ce ina adawa da kiran salla, ni ma da shi nake tashi asuba. Amma daga Kiru har Doguwa, masallatai uku a layi ɗaya kowa na son danne ɗan'uwansa, ƙarshe ba a gane karatun ko ɗaya. Ga mara lafiya, ga mai jego.

Ladanai da 'yan kwamiti, don Allah ku rage kaɗan, ku ɗaga hon sama, ku kau da bakinsa daga tagar maƙwabta. Cinikina zai ragu, na sani, na kuma yarda.

Allah Ya sa mu gyara.