Kwamfuta ba ta gardama

A ranar 20 ga Maris 2009, jirgin Emirates ƙirar Airbus A340 ya kama hanyar tashi daga Melbourne ta Ostireliya ɗauke da mutum 275. Mataimakin matuƙi ya shigar da nauyin jirgin a kwamfuta tan 262.9 maimakon 362.9. Yatsa ya zame, tan ɗari ya ɓace. Kwamfutar ba ta ce uffan ba, ta ba su gudu da ƙarfin inji irin na jirgi mara nauyi. Wutsiyar jirgin ta gurji titi, da ƙyar ya ɗaga. Allah ya tsare, ba wanda ya rasu.

Shi ya sa nake bayan malamanmu masu tilasta mana lissafi da biro kafin mu taɓa manhaja, ko da yake ni ma na sha yin tsaki a aji. Manhajar tsara tafiyar jirgi tana neman nauyinsa fanko, da iyakar nauyin tashi, da iyakar gaba da baya ta inda nauyin zai daidaita. Daga takardun jirgin kansa ake ɗebo su, ba daga na ɗan'uwansa ba, don jirage biyu ƙira ɗaya kan bambanta da zarar an sake kujeru ko na'urori. Ga kuma tarkon laba da kilo.

'Yan'uwa, wanda ya saba ƙiyasi da ka, yana ganin 262 a jirgin da ya sha mai har zuwa Dubai, gabansa zai faɗi.